Zane Ɗaya, Hannu Goma: Tafiyar Taswirar Gini a Khartum

Duk wanda ya san Mantiƙa Sinaiya ta Khartum kafin yaƙin 2023, da kunne ya fara saninta: guduma a kan ƙarfe, ƙugin injin sassaƙa, tsuwwar dutsen yanka. A nan ake gyaran motoci, a nan kuma ake ƙera ƙofofi da tagogi da matakalai da ƙarafan rufi na gidajen birnin. Kasuwar Sajjana na nan kusa, inda mai gini ke sayen rodi da siminti da bututu. Hausawa ma ba baƙi ba ne a wannan ɓangare na gari, domin unguwar Ishash Fallata ta daɗe a kudancin birnin kafin a tashe ta a farkon shekarun 1990 a mayar da mutanenta Ingaz.

Abin da nake so in bi sawunsa shi ne takardar da ake miƙa wa usta, wato gwanin mai sana'a, a rumfunan Mantiƙa, wadda mutanen Sudan ke kira kharta. Kafin ta iso hannunsa ta bi ta hannun mai zanen gini, da injiniyan ginshiƙai da dakin, da injiniyan lantarki, da na ruwa, sannan ofishin da ke ba da izinin gini. Kowannensu ya ɗora nasa aikin a kan na ɗan'uwansa. Yadda ake wannan ɗorawa ba tare da aikin wani ya danne na wani ba, tarihi ne da ya haura shekara ɗari a wannan birni, kuma ya fi yadda ake zato muhimmanci yanzu da ake maganar sake gina shi.

Khartum ta zamani a kan takarda aka fara haifar ta. Bayan yaƙin Karari a watan Satumba na 1898, Kitchener, jagoran sojojin da suka ci yaƙin, ya sa aka shata sabon gari a kan kufan tsohon, da tituna miƙaƙƙu da wasu masu ratsa su a karkace. W. H. McLean, injiniyan hukumar gari daga 1906 zuwa 1913, ya faɗaɗa wannan tsari. Kwalejin Gordon, wadda aka buɗe a 1902, ta riƙa horar da masu awon ƙasa da ma'aikatan da sashen ayyuka na gwamnati ke buƙata. A wancan zamani zane na asali guda ɗaya ne, an yi shi da tawada a kan wani ƙyalle mai shara-shara, ana tattalinsa kamar takardar gado. Daga jikinsa ake fitar da kwafi ta hanyar haske, irin shuɗiyar takardar nan mai fararen layuka wadda asalinta binciken John Herschel ne na 1842. Daga baya aka koma kwafin da ake gasawa da tururin amoniya, mai warin da ke sa ido hawaye.

Haɗin gwiwa a lokacin wahala ce tsagwaronta. Mai zanen gini ya gama nasa, a ba injiniya kwafi. Injiniya ya shimfiɗa takarda mai shara-shara a kai, ya sake bin kowane bango da hannunsa, sannan ya fara sa ginshiƙansa. Mai lantarki ya yi haka, mai ruwa ya yi haka. Bango ɗaya sai a zana shi sau huɗu a ofisoshi huɗu. In mai gida ya wayi gari ya ce a matsar da bangon kicin da rabin mita, mutum huɗu ne za su ɗauki reza su kankare tawada, kuma in ɗaya ya manta ko saƙon bai kai gare shi ba, sai a filin gini za a gane, lokacin da bututu ya fito a tsakiyar ƙofa.

Bayan samun 'yanci a 1956 hannayen suka ƙaru. A 1957 aka buɗe sashen koyar da zanen gine-gine a Jami'ar Khartum a ƙarƙashin Alick Potter, wanda ya zana zauren jarrabawar jami'ar. Abdel Moneim Mustafa, ɗan Umdurman da ya yi karatu a Leicester ta Ingila, ya dawo ya koyar a wurin, ya kuma bar gine-ginen da har yau ake koyar da ɗalibai da su, ciki har da hedikwatar bankin Larabawa na raya tattalin arzikin Afirka, BADEA, da aka kammala a 1980. A gefe guda baƙi na shigowa da nasu takardun. Kamfanin Doxiadis na Girka ya yi wa birnin tsari a 1959, Mefit na Italiya ya yi nasa a shekarun 1970, Sinawa suka gina Zauren Abota a bakin kogin Nilu a 1976. Wani ya saba da ƙafa da inci, wani da mita. Wani alamar makunnin wutarsa daban, rubutunsa daban. Injiniyan Sudan da ke tsaye a filin aiki shi ne tafintan kowa.

A Amurka, cikin shekarun 1970, wasu ofisoshi suka samo dabarar rage wannan maimaici. Suka riƙa zane a kan faifan roba mai haske da aka huda ramuka a gefensa, ana sarƙafa shi a jikin wani ƙarfe mai ƙusoshi don kada ya goce. Bango a faifai ɗaya, ginshiƙai a wani, wayoyi a wani. In ana son takardar lantarki, sai a ɗora faifan wayoyi a kan na bango a ɗauki hotonsu tare. Bango ya koma zane ɗaya da kowa ke jingina a kai. Wannan dabara ita ce kwamfuta ta gada ta kira leya.

Tun a 1963 Ivan Sutherland ya nuna a jami'ar MIT cewa ana iya zane a fuskar kwamfuta, amma shekara ashirin abin na hannun manyan kamfanonin jiragen sama da motoci, saboda tsadar na'urorin. A Disamba 1982 kamfanin Autodesk ya fito da AutoCAD, manhajar da ke aiki a ƙaramar kwamfutar tebur, tare da nau'in fayil biyu da har yau ake fama da su: DWG na ajiya da DXF na musaya. Da farko lamba ake ba kowace leya, sai a 1984 aka ba mutum damar raɗa mata suna. Abokiyar hamayyarta MicroStation ta tsaya a kan leyoyi 63 masu lamba har zuwa 2001. A Budafes kuma, a ƙasar Hungari ta zamanin kwaminisanci, Gábor Bojár ya kafa Graphisoft a 1982, kamfanin da ya haifi ArchiCAD, ita ma da nata tsarin leyoyin.

Damar raɗa suna ta zo da nata ciwon kai. Wani ya kira leyar bangonsa da kalmar bango, wani ya sa lamba, wani ya sa sunan launin da ya zaɓa, wani ya sa sunan kansa. Fayil ya fita daga ofishin da aka haife shi, babu mai iya karanta shi sai an kira mai shi a waya. Don haka ƙungiyar masu zanen gini ta Amurka ta fitar da ƙa'idar sunaye a 1990: harafin farko ya nuna sana'a, sauran su nuna abin da ke ciki. A-WALL bangon mai zane, A-DOOR ƙofofinsa, S-COLS ginshiƙan injiniya, E-LITE fitilun mai lantarki. Ingila ta fitar da tata a wannan shekara a ƙarƙashin BS 1192, hukumar ƙa'idoji ta duniya ta biyo baya da ISO 13567 a 1998. AutoCAD ita ma ta riƙa ƙara kayan aiki. A 1990 ta kawo hanyar jingina fayil ɗin wani a bayan naka ba tare da ka haɗiye shi ba, ta yadda in mai zane ya gyara bangonsa sai gyaran ya bayyana a wurinka. A 1999 ta kawo wata taga da za ka leƙa cikin wani fayil ka jawo leyoyinsa zuwa naka, bayan shekara biyu kuma ta ƙara mai fassara leya, wanda za ka nuna masa cewa wannan suna na baƙo daidai yake da wancan namu, ya juya su gaba ɗaya.

Wannan ci gaba ya iske Khartum a wani hali na daban. A Nuwamba 1997 gwamnatin Amurka ta ƙaƙaba wa Sudan takunkumin ciniki, wanda ya hana kamfanoninta sayar wa ƙasar kaya, har da manhaja. A Agusta 1999 kuma Sudan ta fara fitar da man fetur, kuɗi suka shigo, gini ya tashi ko'ina, musamman bayan yarjejeniyar zaman lafiya ta 2005. Otal ɗin Burj al-Fatih da kuɗin Libiya ya gina ya buɗe a 2008, gadar Tuti a 2009, ga benen hukumar sadarwa, ga na kamfanin mai na Greater Nile a Mugran. Wato lokacin da birnin ya fi buƙatar kayan zane na zamani shi ne lokacin da aka rufe masa ƙofar sayensu ta halal. Ba a ɗage takunkumin ba sai a Oktoba 2017. Shekara ashirin ke nan da ɗalibi da injiniya ke aiki da kwafin da ya samu a faifai ko a filasha, babu sabuntawa daga kamfani, babu wanda zai kai wa kuka.

Ni ba na ganin laifin wanda ya yi aiki da abin da ya samu. Amma abin ya bar tabo a jikin fayilolin. Autodesk ta sauya tsarin DWG a fitowar 2000 da 2004 da 2007 da 2010 da 2013 da 2018, kuma tsohuwar manhaja ba ta buɗe fayil ɗin sabuwa. Ofis uku a aiki ɗaya, kowanne da shekarar manhajarsa, sai ka ji ana ce wa injiniya a waya, "Ya bashmuhandis, sauke mana shi zuwa 2007, bai buɗu ba." Rubutun Larabci kuma wata masifa ce. Kafin fitowar 2007, wadda ta koma tsarin haruffa na duniya baki ɗaya, sunan leya da aka rubuta da Larabci kan isa wata kwamfutar a matsayin jerin alamun tambaya. Ko bayan haka, in mai aikawa ya manta bai haɗa da fayil ɗin salon rubutunsa ba, sunayen ɗakuna sai su tarwatse, haruffa su rabu da juna ko su juya baya. Shi ya sa injiniyan da Larabci ne harshensa ke sa wa leyoyinsa sunayen boko, ya bar Larabcin a inda jami'in izini da mai gida za su karanta. Waɗanda suka yi aiki a ƙasashen Tekun Fasha sukan dawo da tsarin manyan kamfanonin can, kamfanonin Sin da Turkiyya su zo da nasu, ƙananan ofisoshi kuma kowanne da al'adar maigidansa.

Sai an duba abin kusa ake gane inda kuskure ke shiga. A ce mai zane ta gama taswirar bene mai hawa huɗu ta aika wa injiniyan lantarki. Ya buɗe fayil ɗinsa na ofis, ya jawo nata ya zuba a ciki. In akwai leya mai suna iri ɗaya a fayilolin biyu, manhajar ba ta tambaya: dokar mai masauki take bi, launi da kaurin layi duk su koma nasa. Launi kuwa a wannan sana'a umarni ne ga injin bugawa, domin akwai wani ƙaramin fayil na daban da ke cewa ja siririn alƙalami ne, rawaya mai kauri ne. In ba a aiko shi ba, bango da kujera da layin awo duk su fito da kauri ɗaya, takarda ta cukurkuɗe. In ita da milimita ta zana shi kuma da mita yake aiki, ƙofarta za ta shigo ta ninka girmanta sau dubu. In ta jingina taswirar fili a bayan nata ta manta ba ta haɗo ta ba, shi zai ga wurin fayau, sai sunan wani kundi da ke cikin kwamfutarta. In kuma ta haɗiye ta kafin aikawa, leyoyin za su zo da dogayen sunaye masu alamar dala da sifili a tsakiya, kuma duk zagayen da fayil ya yi sunayen na ƙara tsawo, har a wayi gari ƙaramin gida yana ɗauke da leyoyi ɗaruruwa.

Akwai biyu da suka fi waɗannan haɗari, domin ba su nuna kansu. Akwai wata leya mai suna Defpoints da manhajar ke ƙirƙira da kanta, abin da ke kanta ana ganinsa a fuskar kwamfuta amma ba ya fita a takarda. Wanda ya zana ramin wucewar bututu a kanta bisa kuskure zai rantse ya zana, kafintan da ke kafa katakon dakin kuma zai rantse bai gani ba, kuma dukansu gaskiya suka faɗa. Ta biyun ita ce leyar da aka kashe aka manta. Tsohon wurin matakala yana nan kwance a cikinta, sai wani ya kunna duka leyoyi don ya duba wani abu, ya buga takarda, gini ya samu matakala biyu.

Daga nan zane ya sauka Mantiƙa. Shekaru da yawa abin da usta ke karɓa takarda ce, kuma ƙwaƙwalwarsa ce ke tace ta. Ya san wannan layi ƙarfe ne, wancan awo ne, wancan kuskure ne da ba sai an faɗa ba. Zai ɗauki tef ɗinsa ya je ya auna ramin tagar da kansa, don ya san birkila ba ya bin takarda sau da ƙafa. A shekarun da suka gabaci yaƙi injinan yanka ƙarfe da katako masu bin umarnin kwamfuta suka yawaita, ƙofofi masu furanni da shingayen ado suka zama yayi. Inji ba ya tace komai. DXF yake ci, kuma ta leya ake gaya masa wannan a yanke har ƙasa, wannan a yi masa zane a sama kawai, wannan a huda. In an bar layin awo a kan leyar yanka, zai yanka shi. In layi biyu sun hau kan juna, zai bi wurin sau biyu ya ƙona bakin ƙarfen. Yaron da ke gaban injin, wanda wataƙila bai taɓa shiga jami'a ba, shi ne ke zama ya share fayil ɗin injiniya kafin a ɓata farantin ƙarfe da aka sayo da tsada. A ganina wannan yaro yana cikin masu haɗin gwiwar zane kamar kowa, kuma duk tsarin sunayen da ba a koya masa ba bai cika ba.

A halin da ake ciki duniya ta sake matsawa gaba. Revit ta fito a 2000, Autodesk ta saye ta a 2002. A irin wannan manhaja ba layi kake ja ba, bango kake ginawa, mai kauri da tsayi da kayan da aka yi shi da su, kuma shi da kansa ya san shi bango ne. Ba a buƙatar a ɗora shi a kan leya. Don musaya tsakanin manhajoji daban-daban aka ƙirƙiro tsarin IFC, wanda ya fara fita a 1997, ya zama ƙa'idar duniya ta ISO 16739 a 2013. An sha cewa zamanin leya ya wuce. Sai dai duk wanda ya yi aiki da ita ya san cewa ranar da za a aika zane ga ɗan kwangila ko mai walda, DWG za a fitar, kuma manhajar za ta buɗe wani jadawali tana tambaya: bango ya tafi wace leya, ƙofa wace leya? Tsohuwar yarjejeniyar ta 1990 tana nan zaune a cikin sabuwar na'ura. Kuma a birnin da wuta ke ɗaukewa, intanet ke tafiyar hawainiya, lasisi ke buƙatar katin banki na waje, ƙaramin fayil da za a tura ta WhatsApp ya fi samfurin da ke zaune a rumbun wani kamfani a wata nahiya.

Ranar 15 ga Afrilu 2023 yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF a tsakiyar birnin. Benen kamfanin Greater Nile ya ƙone a Satumba na wannan shekara, gadar Shambat da ke haɗa Bahri da Umdurman ta karye a Nuwamba. An wawashe masana'antun Bahri da rumfunan Mantiƙa, an kwashe ofisoshi da kwamfutocinsu. Masu zane da injiniyoyi suka watsu zuwa Fot Sudan da Alƙahira da Riyad da Kampala. Wanda ya fita da kwamfutarsa ta hannu ko wata filasha a aljihu ya fita da taswirar wani yanki na birnin. Wanda bai samu dama ba, aikinsa na shekaru ya tafi. Sojoji sun sake karɓe Khartum a Maris 2025, mutane suka fara komawa suna duba abin da ya rage.

A nan ne wannan ƙaramin al'amari na sunan leya ya zama babba. Injiniyan da aka kira ya duba benen da wuta ta ci yana buƙatar ya san rodi nawa ne a cikin kowane ginshiƙi, kaurinsu nawa, ina aka haɗa su. In fayil ɗin ginshiƙai ya tsira kuma ana iya karanta shi, aikin mako zai yi. In babu, ko kuma yana nan amma leyoyinsa lambobi ne da mai su kaɗai ya san ma'anarsu, shi kuma yana wata ƙasa ko ya riga mu gidan gaskiya, to sai an fasa kankare an leƙa, ginshiƙi bayan ginshiƙi. Kuma aikin gyaran zai haɗa hannayen da suka fi na kowane zamani warwatsuwa: mai zane a Alƙahira, injiniya a Riyad, ɗan kwangila daga Turkiyya ko Masar, mai walda a Umdurman. Ina ganin ya kamata Majalisar Injiniyoyi ta Sudan da jami'o'i da hukumar tsara birni su zauna su fitar da jerin sunaye guda ɗaya, gajere, harafin boko a gefe ma'anarsa da Larabci a gefe, da ma'auni ɗaya, da sharaɗin cewa duk ginin da aka gama a ajiye zanen yadda aka gina shi a zahiri a wuri fiye da ɗaya. Masu wannan sana'a a Kano da Zariya da Maraɗi, inda fayiloli ke yawo daga waya zuwa waya ba tare da kowa ya ajiye na ƙarshe ba, su ma maganar ta shafe su.

Mai aikin lantarki ne zai fi kowa jin jiki. Cikin abubuwan da aka fi sacewa a yaƙin akwai tagulla: an tone manyan wayoyi daga ƙarƙashin tituna, an farke taransifoma, an zare wayoyin gidaje daga cikin bango. Bututun robar da wayoyin suka bi suna nan binne a cikin filasta da dakin, lafiyarsu ƙalau a gidaje da yawa, kuma za a iya sake zura sabuwar waya a cikinsu ba tare da an fasa komai ba, in an san ta inda suka bi da inda suka haɗu. Wannan bayani yana kan leyoyin da sunansu ya fara da harafin E, a gidajen da aka zana su aka kuma ajiye. A sauran gidajen, sai mutum ya ɗauki guduma da kurfi yana ƙwanƙwasa bango yana saurare.